Daga Kati Mai Huji Zuwa INPUT: Tarihin Jingar Farko a Kwas Ɗin Kwamfuta

'Yan uwa ɗaliban arewa, musamman ƙannenmu 'yan aji ɗaya da aji biyu da suka ɗauki kwas ɗin rubuta manhaja a wannan zangon. Rubutun yau yana da ɗan tsawo fa, ku yi haƙuri ku nemi wuri ku zauna.

Kusan duk jami'ar da ka leƙa a nan kudu, jingar farko iri ɗaya ce: rubuta shirin da zai karɓi lamba biyu daga hannun mutum, ya tara su, ya nuna amsa. Layi uku ne ko huɗu. Amma a nan ɗalibai da yawa suke fara karaya. Ka shigar da 2, ka shigar da 3, kwamfuta ta ba ka 23. Ka raba 1 gida 2, ta ce maka 0. Na kusa da kai, wanda ya tashi da kwamfuta a falon gidansu tun yana firamare, ya gama ya fice, kai kana zaune kana zargin kanka. Daga nan sai a koma hadda, a kwafi na wani, a rubuta jarrabawa ba a gane komai ba, wasu ma su canza kwas gaba ɗaya.

To kowanne daga cikin waɗannan abubuwan ban haushi yana da asali da dalili. Manyan masana sun shafe sama da shekara ɗari suna kokawa da layukan nan uku. Idan ka san tarihin, wallahi darasin zai zauna maka a kai ba tare da hadda ba.

MASAƘA NE SUKA FARA

A shekarar 1804, a birnin Lyon na Faransa, Joseph Marie Jacquard ya fito da injin saƙa da yake karanta kati mai huji. Inda aka huda katin, zare ya ɗaga. Inda ba a huda ba, ya zauna. Idan kana son wani zane daban, ba sai ka sake inji ba, kati kawai za ka sake. Wannan shi ne tushen tunanin cewa na'ura ɗaya za ta iya ayyuka daban-daban gwargwadon abin da aka ciyar da ita.

Wani masanin lissafi na Ingila, Charles Babbage, ya ɗauki wannan dabara. Zuwa 1837 ya tsara injin lissafi a takarda, mai wurin ajiye lambobi da wurin sarrafa su, kuma da kati mai huji za a ba shi umarni da lambobi. Bai samu ya gina shi ba har ya rasu a 1871. Ada Lovelace kuma a 1843 ta wallafa bayanai a kan injin, ciki har da matakan lissafi daki-daki da injin zai bi, shi ya sa da yawa suke kiranta mai rubuta shirin kwamfuta ta farko.

Babbage ya ba da labarin cewa sau biyu 'yan majalisar Ingila suna tambayarsa, wai idan an saka wa injin lambobin da ba daidai ba, zai iya fito da amsa daidai? Ya ce shi ya kasa gane irin ruɗanin da zai sa mutum ya yi wannan tambaya. Ku riƙe wannan, don za mu ga matsalar tana ta dawowa: na'ura abin da ka ba ta shi take aiki da shi, ba ta san abin da ke zuciyarka ba.

ƘIDAYAR JAMA'A DA KATIN IBM

Ƙidayar jama'ar Amurka ta 1880 ta ɗauki sama da shekara bakwai ana tattara lissafinta da hannu. Don haka a ƙidayar 1890 aka yi amfani da injin Herman Hollerith, mai karanta kati da lantarki. Kowane mutum katinsa guda, an huda shekarunsa da jinsinsa da sauran bayanansa. Kamfanin da Hollerith ya kafa a 1896 ya haɗe da wasu a 1911, sannan a 1924 aka sa wa haɗakar suna IBM.

A 1928 IBM ta fito da kati mai ginshiƙi 80, kowane ginshiƙi harafi ɗaya ko lamba ɗaya. Katin nan ya yi mulki na kusan rabin ƙarni. Shi ya sa baƙar tagar nan da muke rubuta umarni a ciki ta saba buɗewa da faɗin harafi 80, kuma ƙa'idar rubuta Python har yau tana ba da shawarar kada layi ya wuce harafi 79. Katin ya tafi, faɗinsa ya zauna.

Da aka ƙaddamar da ENIAC a Jami'ar Pennsylvania a 1946, tana iya tarawa sau 5,000 a daƙiƙa guda. Lambobi da kati ake ba ta, amma shi kansa shirin da hannu ake haɗa shi, a jona wayoyi a murɗa makunnai, wani lokaci a kwashe kwanaki kafin a gama saita lissafi ɗaya. Mata shida ne suka fara wannan aikin, cikinsu akwai Kay McNulty da Betty Jennings da Betty Snyder. 'Yan uwa mata da ake ce muku wannan fanni na maza ne, ku lura da wannan. A lokacin ma kalmar da muka aro muka mayar "kwamfuta" sunan aiki ce, sunan mutumin da aka ɗauka yana lissafi da hannu, kuma da yawansu mata ne.

FORTRAN: KA KAI KATI, KA DAWO GOBE

A 1957 John Backus da abokan aikinsa a IBM suka fitar da FORTRAN. Karon farko ke nan da injiniyoyi da yawa suka samu damar rubuta lissafi kusan yadda suka saba a takarda, wata manhaja ta fassara shi zuwa yaren na'ura. Amma duba yadda ake aikin. Za ka zauna a injin huda kati, kowane layi na shirinka kati guda. Umarnin yana zama daga ginshiƙi na 7 zuwa na 72. Daga 73 zuwa 80 kuma ana sa lambar jeri, don idan katunan suka zube a ƙasa a iya sake jera su. Lambobin da shirin zai yi aiki da su ka huda su a wasu katunan, ka sa a bayan tarin. Sai ka miƙa wa ma'aikacin ɗakin kwamfuta ta taga, ka tafi. Bayan sa'o'i, ko washegari, ka dawo ka karɓi takarda. Idan waƙafi ɗaya ka manta, saƙon kuskure kawai za ka tarar, ka gyara ka sake shiga layi.

Ka ga a nan babu zancen kwamfuta ta tsaya ta tambaye ka lamba. Kai ba ka ma wurin lokacin da take aikin.

Umarnin READ shi ke karanta katin, kai kuma dole ka faɗa masa tun farko ginshiƙi nawa kowace lamba ta ci. A tsohon FORTRAN, idan ka bar gurbi babu komai a cikin filin lamba, sifili ake ɗaukarsa. Ka huda 5 ka goce ginshiƙi ɗaya zuwa hagu, ta zama 50, kuma babu wanda zai gargaɗe ka.

FORTRAN ya kuma raba lambobi gida biyu: cikakkiyar lamba irin 7, da lamba mai ɗigo irin 7.5. Dalili shi ne a cikin na'urar hanyoyin lissafinsu daban ne, kuma na cikakkiyar lamba ya fi sauri. Sunan da ya fara da harafin I zuwa N cikakkiyar lamba ce kai tsaye, daga nan al'adar sa i da j a matsayin ma'ƙirga ta samu ƙarfi har zuwa yau. Idan ka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, amsar ma cikakkiya ce, a yar da ragowar. To ga asalin 1 raba 2 ya ba da 0. Ba lalacewa kwamfutarka ta yi ba, gado ne.

RANAR DA KWAMFUTA TA FARA TAMBAYA

A 1961, a MIT, Fernando Corbató da tawagarsa suka nuna tsarin karɓa-karɓa: kwamfuta ɗaya, mutane da yawa a zaune, tana ba kowa ɗan ƙanƙanin lokaci tana zagayawa da sauri har kowa ya ji kamar shi kaɗai take saurara.

Malaman lissafi biyu a Kwalejin Dartmouth, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ga dama a nan. Kemeny ɗan gudun hijira ne daga Hungari, ya shigo Amurka yana yaro, daga baya ya yi wa Albert Einstein aikin mataimaki a Princeton. Ra'ayinsu shi ne kowane ɗalibi, har mai karanta tarihi ko adabi, ya kamata ya iya amfani da kwamfuta kyauta kamar yadda yake shiga laburare. Suka ƙirƙiri yare mai sauƙi, BASIC, kuma ɗaliban digirin farko ne suka yi kaso mai yawa na aikin gina tsarin. Ranar 1 ga Mayu 1964, wajen ƙarfe 4 na asuba, shirin BASIC na farko ya yi aiki a kan na'urar kamfanin General Electric.

Abin da zai ba ku mamaki, BASIC ɗin farko ba shi da umarnin INPUT. Lambobin a cikin shirin ake rubuta su, a layin DATA, sai READ ya ɗauko su, kamar dai yadda ake yi da kati. Sai a bugu na uku, a 1966, aka ƙara INPUT. Daga nan ne ɗalibi zai iya rubuta:

10 INPUT A
20 INPUT B
30 PRINT A + B
40 END

Na'urar Teletype, mai kama da tafireta, wadda take buga harafi 10 a daƙiƙa, sai ta buga alamar tambaya ta tsaya cak tana jiran ka. Daga zanen Babbage na 1837 zuwa wannan alamar tambaya a gaban ɗan aji ɗaya, shekara 129 ke nan. Kuma Kemeny da Kurtz da gangan suka sa duk lambobin BASIC su zama masu ɗigo, don kada sabon shiga ya raba 1 gida 2 ya ga sifili.

A 1975 Bill Gates da Paul Allen suka rubuta BASIC don ƙaramar kwamfutar Altair 8800, abokinsu Monte Davidoff ya rubuta sashen lissafin lambobi masu ɗigo. Hajar farko ta Microsoft ke nan. Daga nan BASIC ya bazu duniya, har ya iso littattafan kwamfuta na sakandare da yawancinmu muka karanta a allo ba mu taɓa gwadawa a na'ura ba.

ME YA SA 2 DA 3 SUKE BA DA 23?

A 1963 aka fitar da tsarin ASCII, wanda ya ba kowane harafi lambarsa. Idan ka danna 2 a madannai, abin da ya shiga kwamfuta shi ne 50, lambar harafin "2". Idan ka danna 3, 51 ne ya shiga. Wato madannai rubutu suke aikawa, siffar lamba, kamar yadda hoton kuɗi ba ya sayen komai a kanti. Dole wani ya juya rubutun ya zama adadin da za a yi lissafi da shi. Tambayar da kowane yare ya amsa ta hanyarsa ita ce: wa zai yi wannan juyin?

BASIC ya yi maka a ɓoye. Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fitar a 1970 don koyarwa, yana duba irin ma'ajin da ka ayyana ya juya da kansa. C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs wajen 1972, ya ce kai za ka faɗa wa scanf irin abin da kake jira, shi ya sa muke rubuta %d da %f. A C ɗin, idan ka tara harafin '2' da harafin '3', 101 za ka samu, wato 50 da 51.

Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, ya daɗe da umarni biyu. Akwai raw_input mai dawo da rubutu zalla, akwai kuma input wanda yake ɗaukar duk abin da mutum ya rubuta ya zartar da shi kamar umarni. Yana da daɗin amfani, ka rubuta 2 ya zama lamba nan take. Amma mugu zai iya rubuta umarnin goge fayil a wurin da aka tambaye shi shekarunsa, shirin ya zartar. A Python 3, wanda ya fito a Disamba 2008, aka cire wancan mai haɗarin, aka mayar da sunan input kan mai dawo da rubutu. Alamar + kuma idan ta samu rubutu biyu liƙa su take yi. To 23 ɗin nan da take ba ka haushi, sakamakon gyara ne da aka yi don tsaro. Aikinka shi ne ka yi juyin da kanka:

a = int(input("Lamba ta farko: "))
b = int(input("Lamba ta biyu: "))
print(a + b)

A wannan bugun ne kuma aka gyara rabawa: 1/2 ya koma 0.5, mai son a yar da ragowa ya yi amfani da //. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu 2020, amma tsofaffin takardun lakca da ke yawo a hannun ɗalibai har yanzu akwai masu ɗauke da raw_input. Idan ka kwafa ya ƙi aiki, duba bugun da ke kwamfutarka tukuna.

Su kuwa C da Java suna nan a kan tsarin FORTRAN. Littafin C na Kernighan da Ritchie na 1978, tun a babin farko, a misalin juya ma'aunin zafi daga Fahrenheit zuwa Celsius, ya yi gargaɗi cewa 5/9 sifili zai bayar. Kawo shi gida: a yawancin jami'o'inmu A maki 5 ce. Ɗalibi ya tara maki 45 a yunit 10, sakamakonsa 4.5, daraja ta ɗaya. Ka rubuta 45/10 da cikakkun lambobi a C, ta ba ka 4. Ka sauke bawan Allah daga aji ba tare da ya faɗi ko kwas ɗaya ba.

INDA ABIN YA ZAMA ASARA

Ranar 2 ga Nuwamba 1988, Robert Morris, ɗalibin digiri na gaba a Jami'ar Cornell, ya saki wani shiri da ya bazu da kansa ya durƙusar da dubban kwamfutoci a intanet na lokacin. Ɗaya daga ƙofofin da ya bi ita ce umarnin gets na C, mai karɓar rubutu ba tare da ya duba tsawonsa ba. An ware wa rubutun ɗan wuri, aka turo wanda ya fi wurin, ya malala ya taka abin da ke kusa. Sai a 2011 aka cire gets daga ƙa'idar C gaba ɗaya.

Ita kuma lamba mai ɗigo tana da nata. Gwada 0.1 + 0.2 a Python, za ka ga 0.30000000000000004. Yadda 1 bisa 3 ba ya ƙarewa a lissafinmu, 0.3333 har abada, haka 1 bisa 10 ba ya ƙarewa a lissafin sifili da ɗaya, dole a datse shi a wani wuri. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda William Kahan ya jagoranci tsara ta, ta sa kwamfutoci suna datsewa iri ɗaya, amma datsewar tana nan. Ranar 25 ga Fabrairu 1991, a Dhahran ta Saudiyya, lokacin yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta kasa tare makami mai linzami da Iraƙi ta harbo. Agogonta yana ƙirga lokaci da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, an datse lambar, kuma na'urar ta yi kusan sa'a 100 a kunne. Ɗan kuskuren ya taru ya kai kusan sulusin daƙiƙa, wanda ya ishi makamin ya yi tafiyar sama da rabin kilomita. Sojojin Amurka 28 suka mutu.

Ranar 4 ga Yuni 1996 kuma, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko daga Kourou. An yi ƙoƙarin cusa wata babbar lamba mai ɗigo a ma'ajin cikakkiyar lamba da iyakarsa 32,767. An ɗauko shirin ne daga Ariane 4, inda lambar ba ta taɓa kai haka ba. Sabuwar rokar ta fi gudu, lambar ta fi ƙarfin ma'ajin. Juya lamba daga wani nau'i zuwa wani, abin da int yake yi a jingarka, shi ne ya ci roka da taurarin ɗan adam huɗu.

TO ME ZA A YI?

Idan za ka yi jingar nan, kada ka tsaya a 2 da 3. Bayan ta yi aiki, nemi hanyar karya ta. Shigar da 2.5 ka ga abin da int zai ce. Shigar da 5,000 da waƙafinsa, yadda muke rubuta kuɗi. Rubuta "biyar" da haruffa. Danna Enter ba ka rubuta komai ba. Raba lamba da sifili. Karanta saƙon kuskuren da ya fito, layin ƙarshe yana faɗa maka irin matsalar, na samansa yana nuna maka inda take. Turancin saƙonnin nan bai fi kalmomi kaɗan da suke ta maimaituwa ba, cikin mako biyu za ka saba da su.

Sannan kafin ka juya komai zuwa lamba, tambayi kanka ko za a yi lissafi da shi. Lambar waya da ta fara da 080, idan ka mayar da ita cikakkiyar lamba sifilin farko ya tafi. Ita da NIN da BVN, duk masu lamba 11 ne, amma babu mai tara su ko ya raba su, don haka a rubutu ake ajiye su. Kuɗi kuma, masu gina manhajar biyan kuɗi da yawa a kwabo suke ajiye shi a matsayin cikakkiyar lamba, naira 150 da kwabo 50 ta zama 15050, don gudun datsewar nan ta lamba mai ɗigo.

Wanda ba shi da kwamfuta, akwai manhajojin Python da suke aiki a wayar Android, layi ukun nan ba sa buƙatar fiye da haka. Kuma ka iya bin shirin a takarda: zana akwati ga a, akwati ga b, ka rubuta abin da ya shiga kowanne, rubutu ne ko lamba. Masu FORTRAN haka suke yi kafin su kai katinsu taga, tunda gwaji ɗaya ko biyu suke samu a yini.

Mu kuma manya, 'yan aji uku da huɗu da mu 'yan digiri na biyu, idan ƙani ya zo da wannan tambayar kada mu tura masa amsa a waya ya kwafa. Mu zauna da shi minti goma, mu sa shi ya danna da hannunsa, ya ga 23 ɗin, ya gano daga ina ta fito. Wanda ya san ɗan aji ɗaya da ke fama da kwas ɗin nan ya tura masa wannan rubutu.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya mayar da mu gida lafiya da abin da muka zo nema.